Harshen da ke cikin salularka na da ubangida: daga Sun zuwa Oracle, ina ruwan Gazawa?

Duk wanda ya riƙe salula a Gazawa tun farkon zuwanta ya san yadda kamfani ke sauya hannu. Layin da aka saya da sunan Celtel ya wayi gari Zain a 2008, shekaru uku bayan Mo Ibrahim ya sayar da kamfanin ga ƴan Kuwaiti a kan dalar Amurka miliyar 3 da miliyan 400. A 2010 Indiyawan Bharti suka saye shi, aka sake fentin shaguna, aka koma Airtel. Orange ma ta tattara nata ya nata a ƙarshen 2019, ta bar wa Zamani. Mai sayar da kati a bakin tasha yana nan inda yake, lambar mutane ba ta sauya ba, amma wanda ke yanke farashin kira da na intanet ya sauya, kuma babu wanda ya nemi shawarar mai layi.

Irin wannan ciniki yana faruwa a wani wuri da ba a sake masa fenti, don haka ba mu cika lura da shi ba. Kowace manhaja da ke cikin waya, kowane shafin intanet da mutum ya buɗe, wani ne ya zauna ya rubuta shi da wani harshe da kwamfuta ke ganewa. Waɗannan harsuna suna da kalmominsu da ƙa'idojinsu, ana koyonsu shekara da shekaru kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Bambancinsu da Hausa ko Fulatanci ɗaya ne, amma babba: da yawansu kamfani ne ya ƙirƙire su, ya yi musu rajista, kuma in aka sayar da kamfanin, da harshen ake haɗawa.

Yanzu haka akwai ƙara a gaban hukumar rajistar sunayen kasuwanci ta Amurka a kan sunan ɗaya daga cikinsu, wato JavaScript, harshen da fiye da shafuka tara cikin goma na duniya ke amfani da shi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Deno ne ya shigar da ita a watan Nuwamba na 2024, yana neman a karɓe sunan daga hannun Oracle. Kafin a fahimci dalilin da ya sa mai gyaran waya a Agye ko malamin asibiti a Gidan Rumji zai damu da wannan, sai an koma 1995.

A shekarar ne kamfanin Sun na Amurka ya fito da Java, aikin James Gosling da abokansa. Alkawarin Java shi ne a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace na'ura. Mutanenmu sun yi mu'amala da shi ba tare da sun san sunansa ba. Ƙaramin kofin shayin nan mai tururi da ke bayyana in an buɗe wasa a tsohuwar Nokia, tambarin Java ne. Opera Mini da 2go, waɗanda da su ne samari da yawa na jihar Maraɗi suka fara leƙa intanet kafin zuwan manyan wayoyi, a kan Java suke tafiya.

A wannan shekarar dai, wani kamfani daban, Netscape, wanda a lokacin shi ke riƙe da kasuwar burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ya sa wani ma'aikacinsa Brendan Eich ya ƙera masa ɗan ƙaramin harshe da zai sa shafi ya motsa. Cikin kwana goma ya gama zubin farko. An fara kiransa Mocha, aka koma LiveScript, sai a watan Disamba Netscape da Sun suka shirya aka raɗa masa JavaScript, don ya ci albarkacin Java da ke tashe. Ba ɗa ba ne, ba ƙane ba ne. Suna kawai aka ara. Sun kuwa ya riƙe rajistar sunan a aljihunsa. Daga wannan rana harsunan biyu suka kama hanya daban-daban, kuma abin da ya samu kowannensu ya ishi mai lura darasi.

Gonar da aka sayar da manomanta a ciki

Sun ya yi arziki a shekarun 1990, ya kuma karye bayan faɗuwar kasuwar kamfanonin intanet a 2000 da 2001. Yana cikin wannan hali ya ɗauki matakin da har yau ake cin moriyarsa: daga Nuwamban 2006 ya fara buɗe asalin rubutun Java ga kowa, da lasisin da ya ba kowa damar karantawa, gyarawa da rarrabawa kyauta. Wannan reshen shi ake kira OpenJDK. A Afrilun 2009 Oracle, kamfanin Larry Ellison, ya sanar zai sayi Sun a kan dalar Amurka miliyar 7 da miliyan 400, aka kammala ciniki a Janairun 2010. Watanni kaɗan bayan nan Gosling ya ajiye aiki.

Manoman yankinmu sun san wannan yanayi sarai. A ƙasar Agye da Cadawa, inda gona ta yi ƙaranci kuma aya ta sa ƙasa ta yi daraja, mutum kan shekara goma yana noma gonar aro ko ta jingina, ya kai mata taki, ya bar itatuwa su tofo, ya saba da ita kamar tasa. Ranar da mai gona ya rasu ko ya sayar, sai sabon mai ita ya zo da nasa lissafin. Ba lallai ya kore ka ba. Yana iya cewa kawai daga bana ga abin da za ka riƙa biya. Miliyoyin masu rubuta manhaja a duniya haka suka tsinci kansu a 2010.

Sabon mai gona bai ɓata lokaci ba. A watan Agustan 2010 Oracle ya kai Google kotu, yana cewa Android, tsarin da ke tafiyar da Tecno da itel da Infinix da Samsung da ke hannun jama'a, ya kwafi wani sashe na Java, layuka kusan 11,500, ba da izini ba. Diyyar da ya nema ta kai wajen dalar Amurka miliyar 9. Shari'ar ta ci fiye da shekara goma, sai ranar 5 ga Afrilun 2021 kotun ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya, alƙalai shida suka rinjayi biyu. Da hukuncin ya juya, da wuya a ce kuɗin ba za su gangaro har kan farashin wayar jika talatin da ake sayarwa a kasuwar Maraɗi ba, domin ɗan kasuwa bai biyan tara daga aljihunsa. Google dai bai jira hukunci ba: tun 2017 ya rungumi wani harshe, Kotlin, a 2019 ya ce shi ne zaɓinsa na farko ga masu rubuta manhajar Android.

Sai batun kuɗi. Daga 2019 Oracle ya fara neman kamfanoni su biya kafin su ci gaba da samun gyare-gyaren tsohon Java nasa. A Janairun 2023 ya sauya ma'auni gaba ɗaya: maimakon a ƙirga kwamfutocin da ke amfani da Java, sai a ƙirga duk ma'aikatan kamfani, dalar Amurka 15 a wata kan kowane mutum ga kamfanin da bai kai ma'aikata dubu ba. A yi lissafi. Ma'aikata mai mutum 200, ko da mutum biyar ne kawai ke taɓa Java, za ta biya dalar Amurka 36,000 a shekara, kimanin miliyan 20 na sefa. Ko sunan bai tsira ba. Da Oracle ya miƙa sashen Java na manyan ma'aikatu ga gidauniyar Eclipse a 2017, bai bar su su ci gaba da kiransa da sunan Java ba, dole suka raɗa masa Jakarta.

To ina Gazawa a ciki? Tana cikin rahoton wata-wata na gidajen likita. Alƙaluman rigakafi, na zazzaɓin cizon sauro, na tamowa da na haihuwa da ake tattarawa daga cibiyoyin kiwon lafiya na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, suna shiga wata manhaja ce mai suna DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke amfani da ita kamar sauran ƙasashe da dama na Afirka. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da ita, kyauta ce, kuma ƙashin bayanta da Java aka rubuta shi, fuskarta kuma da JavaScript. Haka ma manhajojin ODK da KoboCollect da matasa masu aikin ƙidaya na ƙungiyoyin agaji ke yawo da su ƙauye-ƙauye: a kan Android suke, da Java aka fara gina su. Abin da ya sa irin waɗannan ke tafiya ba tare da an aiko wa kowa takardar biya daga Amurka ba shi ne wancan mataki na 2006. Sun ya buɗe ƙofa kafin ya mutu, kuma lasisin da ya zaɓa bai bari magaji ya rufe abin da aka riga aka buɗe. Shi ya sa yau Eclipse da Amazon da Microsoft da Red Hat duk ke rarraba nasu Java kyauta, wanda bai son biyan Oracle yana da inda zai nufa.

Wanda ya tsere, ya bar sunansa jingina

JavaScript kuwa tun yana jariri aka fitar da shi daga gidan ubansa. A 1996 Microsoft ya kwaikwaye shi, ya kira nasa JScript, ya saka a cikin Internet Explorer. Da Netscape ya ga za a ƙwace masa harshe da ƙarfin kasuwa, sai ya kai shi gaban Ecma, wata ƙungiyar tsara ƙa'idoji da ke Janiba, aka rubuta masa ƙa'ida ta bai ɗaya a watan Yunin 1997. Da yake sunan na hannun Sun, a takarda aka kira shi ECMAScript, sunan da har yau babu mai faɗinsa a baki sai dole. A ƙarshen 1998 AOL ya sanar da sayen Netscape, daga baya Netscape ya shuɗe, harshen kuwa ko a jikinsa, domin ba ya cikin kayan da aka sayar.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Abin da ba na kowa ba yakan rasa mai share shi. Bayan bugu na uku a 1999, manyan kamfanonin da ke zaune a kwamitin suka kasa jituwa, aka watsar da bugu na huɗu, sai a Disamban 2009 aka samu sabo. Shekara goma cur harshen na tsaye wuri ɗaya, galibi saboda Microsoft ya cinye kasuwar burauza kuma bai ga dalilin gaggawa ba. Abin da ya tashe shi daga barci gasa ce: Firefox a 2004, sannan Chrome na Google a 2008 da injinsa mai sauri. A 2009 Ryan Dahl ya ɗauki wannan injin ya ƙera Node.js, wanda ya fitar da JavaScript daga burauza ya kai shi manyan kwamfutocin da ke ajiye shafuka. Tun 2015 kowace shekara ana fitar da sabon bugu.

Wannan Ryan Dahl ɗin shi ne shugaban Deno, mai ƙarar da muka ambata. Hujjarsa mai sauƙin ganewa ce ga duk wanda ya taɓa aiken yaro kanti: kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi, haka JavaScript ya zama sunan kowa, kuma a cewarsa Oracle, wanda ya gaji sunan daga Sun, ba ya wani kasuwanci na a zo a gani da shi. Dubban masu sana'ar, har da Brendan Eich, sun sa hannu a wasiƙar neman a saki sunan a Satumban 2024. Oracle ya ƙi. A Yunin 2025 hukumar ta yi watsi da sashe ɗaya na ƙarar, wanda ya zargi Oracle da yaudara wajen sabunta rajista, ta bar sauran biyun.

A ganina rigimar suna ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce injin. Opera ya koma kan injin Google a 2013, Microsoft ya bi sahu da Edge a 2020. In ka cire wayoyin Apple da ƴan tsirarun masu Firefox, kusan duk wanda ke buɗe shafi yau ta hannun Google yake bi. Harshen ba shi da ubangida a takarda, amma akwai wanda in ya yi tari kowa sai ya waiwaya.

Akwai kuma waɗanda ba su yi sa'ar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Flash, wanda shekaru da dama da shi ake kallon bidiyo da wasanni a intanet, ya tashi daga hannun FutureWave zuwa Macromedia a 1996, daga nan zuwa Adobe a 2005. Rufaffe ne, na kamfani ɗaya. Apple ya hana shi shiga iPhone, kasuwa ta juya masa baya, Adobe ya rufe shi ranar 31 ga Disamban 2020. Waɗanda suka kwashe ƙuruciyarsu suna koyon harshensa, ActionScript, suka koma ɗalibai. Kuma ba ƙananan mutane kaɗai abin ya shafa ba: a Janairun 2021 hukumar haraji ta Afirka ta Kudu, da duk kuɗinta da ƙwararrunta, sai da ta fito da burauza tata ta musamman don jama'a su iya cike wasu takardun haraji da aka gina a kan Flash. ColdFusion, wani harshen gina shafuka da ya bi irin wannan hanya, daga Allaire zuwa Macromedia a 2001 sannan Adobe, yana nan da rai ana sayar da shi, sai dai masu iya shi sun yi ƙaranci, ma'aikatar da shafinta ke kansa kuwa kullum tana neman magini da fitila.

Adalci ya sa a faɗi cewa ubangida na da ranarsa. Java bai lalace a hannun Oracle ba. Tun 2018 kowane wata shida ana fitar da sabon bugu, abin da Sun bai yi ba, kuma albashin injiniyoyin da ke wannan aiki wani ne ke biya. Kyauta ma ba ta hana rigima. WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kanta, buɗaɗɗiya ce, da harshen PHP da ba na kowane kamfani ba aka rubuta ta, amma a Satumban 2024 saɓani tsakanin wanda ya kafa ta da kamfanin WP Engine ya sa aka toshe wa abokan cinikin kamfanin hanyar sabunta shafukansu na wani lokaci. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in mai abu ya sauya ra'ayi gobe, zan iya kwashe kayana in koma wani wuri, kuma nawa ƙaurar za ta ci?

Wannan tambaya ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta ne a 2011, bayan an cire ta daga Agye, kuma ofisoshinta, kamar na sauran sababbin gundumomi, yanzu suke shiga zamanin kwamfuta. Takardun haihuwa, rajistar masu biyan haraji, takardun gonaki na kwamitocin ƙasa, littafin ƙungiyoyin manoman aya da na matan adashe, duk sannu a hankali suna barin takarda. Sau da yawa wani shiri ne na shekara uku ko biyar ke kawo manhajar, ɗan kwangila daga Yamai ko daga waje ya girka, a yi bikin buɗewa, a watse. Da wuya a ji wani a wurin ya tambayi da wane harshe aka rubuta ta, ko an miƙa wa ofis asalin rubutun, ko ana iya fitar da bayanan zuwa wata manhaja, ko da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, ko wa ke riƙe da lambar sirri ta babban mai kula. Shugabanci a nan gida ma yana sauya hannu: a Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Kujera da hatimi ana miƙa su a rubuce. Lambar sirri ya kamata ita ma ta shiga cikin takardar miƙa aiki.

Tun bayan 26 ga Yulin 2023 babu kalmar da ta fi yawo a bakin mahukunta da jama'a kamar ƴancin kai, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Muhawarar ta tsaya a kan ma'adinai, sojoji da harshen baki. Harshen da na'urorin gwamnati ke magana da shi bai samu ko kwatankwacin wannan kulawa ba, alhali Nijar ba ta buƙatar ƙirƙiro nata kafin ta kare kanta. Layi biyu a cikin takardar kwangila sun isa: a gina da buɗaɗɗen harshe, a miƙa asalin rubutu da bayanai ga hukuma. Hukumar ANSI, wadda aka ɗora wa sha'anin zamanantar da ayyukan gwamnati, ita ce a wurin da ya dace ta mayar da wannan ƙa'ida ga kowa, har ƙaramar hukumar Gangara.

Ga saurayi ko budurwar da ke karatun kwamfuta a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko mai koyo da kansa a waya da dare lokacin da intanet ta fi araha, lissafin ya fi tsanani, domin jarinsa shekarunsa ne. Wanda ya zuba shekara uku a ActionScript a 2008 ya yi asara. Wanda ya zuba su a JavaScript, harshen da a lokacin manyan masana ke yi wa kallon abin wasa, yau yana iya zama a Gazawa ya yi wa ɗan kasuwar Kano ko na Kwatano aiki. A 2008 ba a iya ganewa daga kyan harshen. Abin da ake iya ganewa a lokacin shi ne ɗaya kamfani guda ke da makullinsa, ɗayan kuwa ƙa'idarsa na rubuce a Janiba, kowa na iya saukewa ya karanta ba da ko dala ba. Wannan binciken ana iya yin sa kafin a fara koyon kowane harshe, kuma bai wuce na yini ɗaya ba: wa ke da lasisin, kamfani nawa ne ke ƙera injinsa, kuma me ya faru da masu amfani da shi karon ƙarshe da aka sayar da gidan.